Ramin Inna Kamana

"Wata huɗu?" Kaka Sanfa ta kai ɓawon kwakwar hanci ta shinshina, sannan ta ɗago ta dubi Malama Niuma. "Ke 'yar nan, kalle ni da kyau. Ni za ki ce wa wannan wata huɗu ya yi a rami?"

"Wallahi Kaka, wata huɗu da kwana tara. Yana nan a rubuce a bangon aji, kullum safiya yara ke ƙara layi ɗaya da alli."

"To allin naku maƙaryaci ne."

Yaran suka tuntsire da dariya. Su goma sha ɗaya ne, 'yan aji biyar da na shida a haɗe, domin makarantar tsibirin kaf ɗinta ɗalibai talatin da bakwai gare ta, da ɗakuna uku, da wata tsohuwar tukunyar gas da ake bugawa a madadin ƙararrawa. Fararen kayan makarantarsu sun yi dama-dama da baƙar laka. Tun da sassafe, da ruwan teku ya ja baya, suka bi malamarsu bakin gaɓa suka tone ramin, suka yi ta jido ɓawon a kwanduna har ya zama tuli guda a inuwar babbar bishiyar tsakar makaranta. Warinsa kuwa, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, sai da ya kori 'yan aji ɗaya daga bakin taga, ga su kuma sun dawo suna leƙe, kowa ya toshe hanci.

Dabarar Niuma ce tun farko. Shekararta biyu ke nan a tsibirin, daga can kudu aka turo ta koyarwa, kuma tun zuwanta abu ɗaya ke cin ranta: yaran da kakanninsu mata suka tufka igiyoyin da suka ɗaure jiragen ƙasar nan, babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa murza zare a tafin hannu. Sai ta roƙi Kaka Sanfa, ɗaya daga cikin tsofaffi uku da suka rage suna tufka, ta koya musu aikin daga tushe. A binne ɓawo a lakar bakin teku inda ruwa ke hawa yana sauka, a bar shi ya jiƙa ya yi laushi, a tono shi, a yi ta bugunsa da kulki a kan gungume har zaren ya fito, a wanke, a shanya, sannan a tufka. Ranar taron iyaye na ƙarshen zango za su nuna igiyar da suka yi da hannunsu.

Tsohuwar ta danna babban yatsa a ɓawon, ya buɗe ba gardama.

"Ɓawon wata huɗu sai kin yi kokawa da shi," in ji ta. "Wannan kuwa dubi, da kansa yake miƙa wuya. Dubi zaren, kamar zuma."

Ta zura hannu can cikin tulin ta jawo wasu guda uku, a ɗaure tare da tsinken ganyen kwakwa. Ta juya su ta dubi ƙullin. Dariyar da ke fuskarta ta gushe.

"Wa ya ɗaure wannan?"

"Haka muka same su, Kaka," in ji Shiuna, 'yar aji shida wadda bakinta ba ya hutawa. "Ni ma sai da na ce ai namu ba mu ɗaure ba. Malama ta ce wataƙila mun manta ne."

Niuma ta sunkuyar da kai. Gaskiya ne ta faɗi haka, tana tsaye cikin laka har gwiwa, murna ta rufe mata ido.

"A ina kuka tona?"

"A wurinmu, Kaka. Sandar da muka kafa iskar yamma ta tafi da ita, amma mun riƙe alama. Taku talatin daga gindin karkatacciyar kwakwar nan."

"Wace karkatacciyar? Wadda kuke nufi ai teku ta cinye ta tun watan jiya. Wadda kuka ƙirga daga gindinta ƙanwarta ce, ita ma ta fara sunkuyawa." Ta juya wurin yaran ta kaɗa musu hannu. "Ku wuce rijiya ku wanke jikinku, kuna wari kamar kifin shekaranjiya. Har da ke, uwar surutu."

Sai da suka yi nisa sannan ta zauna a kan gungumen, ta ɗora ɓawon ukun a cinyarta kamar ta karɓi jariri.

"Mace ɗaya ce a tsibirin nan take ɗaure ɓawonta uku-uku da irin wannan ƙulli. Shekara hamsin muna zama a gungume ɗaya ina yi mata tsiya a kai, ina cewa ke Kamana, ɓawon ne zai gudu? Ramin Kamana kuka tone, 'yar nan."

Niuma ta san Inna Kamana. Ita ce ta fara aiko mata da romon kifi da shinkafa a makonta na farko, lokacin ba ta san ko sunan maƙwabcinta ba. Shekara guda da wata uku ke nan da zazzaɓi ya ɗauke ta. Abin da Niuma ba ta sani ba shi ne, mako guda kafin Inna Kamana ta kwanta ciwo ta binne wannan ɓawon da hannunta, kuma tun daga nan babu wanda ya taɓa wurin. Ba a taɓa ramin wata, kowa ya san haka, balle ramin wadda ta riga mu gidan gaskiya, mijinta kuma yana raye.

"Baba Maniku," Niuma ta faɗa a hankali. Kullum bayan la'asar takan gan shi zaune a kan wani dutse a wannan gaɓar, takan gaishe shi ta wuce. "Na zaci teku yake kallo."

"Mutumin da ya yi shekara arba'in a kanta yana kamun kifi, me ya rage masa ya kalla a teku?"

Hawaye suka cika idon Niuma. Ta dubi tulin, wanda ɗazu take alfahari da shi, ta ga ba tulin ɓawo ba ne, aikin ƙarshe ne na hannun wata mata, an farke shi an baje a tsakar makaranta ƙudaje na bi. Kuma in la'asar ta yi, tsohon zai tako sannu a hankali da sandarsa ya tarar da rami a hangame.

"Kaka, ki raka ni."

"Ni na tona?" Tsohuwar ta girgiza kai, amma muryarta ta yi laushi. "In na je, da ni zai yi faɗa, tun muna yara muke yi, a huce a kaina ke kuma ki rasa gane inda kika tsaya da shi. Je ki ke kaɗai. Ki wanke ƙafarki tukuna."

Bayan azahar ta same shi a ƙofar gidansa, zaune a kujerar saƙar igiya, yana gyaran wata ƙugiya da ba ta bukatar gyara. Dogo ne, ƙasusuwan kafaɗarsa sun fito, zanen gindinsa a ɗaure tsaf kamar mai shirin fita aiki. Da ya gan ta fuskarsa ta washe.

"A'a, Malama da kanta! Ko an gano ban gama aji uku ba ne aka turo ki kama ni?"

Ya tilasta mata zama, ya shiga ya kawo baƙin shayi a kofin da ta san na baƙi ne. Ta riƙe kofin da hannu biyu. Ta shirya magana mai tsawo a hanya, ta iskar yamma da sanda da bishiyar da ta faɗi, amma da ta buɗe baki duk suka tsere.

"Baba, na yi maka ɓarna. Ni da yara mun tone ramin Inna Kamana da safen nan. Na zaci namu ne. Laifina ne, ba na yara ba."

Wani hankaka ya sauka a katanga ya yi ta kuka, babu wanda ya kore shi.

"Duka?" ya tambaya.

"Duka, Baba."

"Har ƙasa?"

"Har ƙasa."

Ya ajiye ƙugiyar a gefe, ya daidaita ta kamar akwai layin da za ta bi. Da zagi ya yi da ta fi jin sauƙi. Amma sai ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce, "Sha shayinki, Malama, kada ya huce." Ya shiga ɗaki ya jawo ƙofar.

A tsibirin nan ba a rufe ƙofa da rana. Niuma ta zauna tana kallon katakon har shayin ya yi sanyi, ta shanye shi haka nan domin ya ce ta sha, ta ɗauraye kofin a bakin rijiyarsa ta kife, ta fito. Ba ta yi kuka ba sai da ta kai bayan masallaci.

Da ta koma makaranta ta tarar babu wanda ya tafi gida, ko da yake an buga tukunyar tashi tun tuni. Labari ya riga ya zaga. Yaran sun kewaye tulin shiru, abin da ba ta taɓa gani ba.

"Malama, mu mayar," in ji Shiuna. "Mun san yadda suke a jere. Mu rufe, mu shafe yashin, kamar ba a taɓa ba."

"Sai ki shafe masa zuciya ita ma, ko?" in ji Kaka Sanfa. "Abin da ya sha iska ya sha. In kun mayar, ruɓewa zai ƙarasa. In kuma kun bar shi ya bushe a nan, ya lalace, kulki ba zai fitar da komai ba."

"To mu fara bugu?"

"A'a," in ji Niuma. Ta goge ido da gefen mayafinta. "Ba namu ba ne. Babu wanda zai ɗaga kulki sai mai shi ya ce. Aikinmu kawai kada ya bushe."

Ranar Alhamis ce, gobe da jibi babu makaranta, domin a tsibirin Juma'a da Asabar ake hutu. Ba ta umarci kowa ba, ta dai ɗauki bokiti ta nufi teku. Kafin ta dawo, yara sun fasa gidaje sun kwaso nasu. Suka lulluɓe tulin da ɗanyen ganyen kwakwa, suka yi layi daga gaɓa har gindin bishiya, bokiti na wucewa daga hannu zuwa hannu, 'yan aji ɗaya da gwangwanayen madara, rabin ruwan a jikinsu yake ƙarewa.

Ranar Juma'a mata masu sharar titi suka biyo da tsintsiyoyinsu da sassafe, suka tsaya suka tambaya, suka jingine tsintsiya suka ɗauki bokiti. Bayan sallar Juma'a masunta biyu suka kafa wani tsohon filafilan jirgi, babban ƙyallen nan da iska ke turawa, a kan tulin don rana ta karkata ta gefen da bishiyar ba ta karewa. Ranar Asabar uwar Shiuna ta kawo gurasa da busasshen kifi da kankararriyar kwakwa, aka ci a tsaye. Babu wanda ya ambaci sunan Baba Maniku, amma duk wanda ya wuce ta ƙofar gidansa sai ya rage tafiya. Ya fita salla, ya dawo. Bai je bakin gaɓa ba, bai kuma dubi wajen makaranta ba.

Niuma ta ƙirga la'asar uku. Kowacce ta zo sai ta ji kamar ita ce ta ƙwace wa tsohon wurin zuwa. Ta tuna mahaifinta a can kudu, wanda har yau bai yarda a taɓa keken ɗinkin mahaifiyarta ba, ko ƙura da kansa yake gogewa. Da wani baƙo ne ya shigo ya kwance keken nan, ita da wane ido za ta dube shi?

Ranar Lahadi da safe, yara na tsaye a layi ana duba farce, sai Shiuna ta yi raɗa da muryar da duk makaranta ta ji: "Ga shi nan!"

Ya shigo da sandarsa, sanye da farar rigar da yake sawa ranar Idi. Bai dubi kowa ba. Ya wuce kai tsaye gindin bishiya, ya ɗaga ganyen, ya durƙusa da ƙyar. Kaka Sanfa na zaune a gungumenta, ba ta ce masa sannu ba. Niuma ta sallami yaran zuwa aji, amma tagogi suka cika da kawuna, ita kuma ta tsaya daga nesa kaɗan, ta rasa inda za ta sa hannuwanta.

Ya ɗauki ɗauri ɗaya ya shafa ƙullin da yatsa. Ya daɗe yana shafawa.

"Wa ke zuba masa ruwa?"

"Aljanun teku," in ji Kaka Sanfa. "Wa kake tsammani? Duk garin nan, ban da mai shi."

"Ke dai bakinki ba zai tsufa ba."

"Naka da ya tsufa me ya amfana? Kwana uku ka bar yarinyar mutane ba ta ci ba ta sha."

Ya ɗago ya dubi Niuma, ya yafito ta da hannu. Ta matso ta tsuguna a gabansa.

"Baba, ka yafe mini."

Ya tura hannu ƙasan tulin ya fito da wani ɗauri baƙi ƙirin. Ya ɗan matsa shi, ya marmashe a tafin hannunsa kamar toka mai laima.

"Nawa ne suka yi haka, Sanfa?"

"Kashi ɗaya cikin uku. Na ƙasan duk sun tafi. Da an ƙara wata biyu, da babu abin da za ka tono sai laka."

"Na sani," in ji shi. Ya yi gyaran murya. "Na sani sarai. Shekara hamsin ina jin ta tana faɗa, ɓawo ba ya wuce shekara a rami. Da wata goma ya cika na ɗauki shebur na je. Na zauna. Na dawo da shebur ɗina. Na ce wata mai zuwa." Ya dubi baƙin garin da ke hannunsa. "Muddin yana ƙasa, Malama, sai in ga kamar aiki ta bari ta je ta dawo. Mace ba ta binne ɓawo sai tana da niyyar tonowa. Kullum in zauna in ce, ai ba ta gama ba tukuna."

Niuma ta kasa riƙe hawayenta. Daga taga aka ji wani yaro ya ja majina.

"Ranar Alhamis da kika zo, na so in tsine miki," ya ci gaba. "Wallahi na so. Na shiga ɗaki don kada bakina ya riga ni. Na kwana uku ina neman fushin, kullum yana raguwa, har jiya na duba na tarar saura kunya. Ni na zauna ina gadin abin yana ruɓewa a ƙarƙashina, yara masu majina suka zo suka cece shi bisa kuskure." Ya goge hannunsa a yashi. "Tashi, 'yata. Babu komai tsakanina da ke. Amma nan gaba in za ki yi alama a bakin teku, kada ki dogara da bishiya. Su ma tafiya suke yi."

Ta yi dariya cikin kuka, ta kama hannunsa mai laka da hannu biyu. Ya bar mata shi na ɗan lokaci, sannan ya zare a hankali.

"To mai gida," in ji Kaka Sanfa, tana share ido da bayan hannu kamar ƙura ce ta shiga, "me za a yi da na kirkin? In kai gida in tufka maka? Ba zan kai Kamana ba, amma igiyata ba ta taɓa tsinkewa da jirgin kowa ba."

"Ke? Ki taɓa zaren matata da wannan hannun naki mai kama da ƙafar kaguwa?"

"To sai wa? Mu uku muka rage, ɗaya ba ta gani, ɗaya kuma kun yi faɗa a kan kaza tun bara."

Ya dubi gungumen, da kulakan da aka jera a gefensa, goma sha ɗaya, ƙanana daidai hannun yara.

"Malama, darasin nan naku yaushe ake yinsa?"

"Kullum bayan tara, Baba, kafin rana ta yi zafi."

"Ana ɗaukar wanda ya girme wa aji?"

Kaka Sanfa ta saki baki. "Kai Maniku, ka san abin da kake faɗa kuwa? Tufka aikin mata ne. Tun da aka kafa garin nan ba a taɓa ganin namiji ya miƙe ƙafa yana murza zare ba. Abokanka na bakin jirgi sai sun yi maka waƙa."

"Su yi. Muryarsu ma ba daɗi."

"Kuma ni ce malamar, ka sani. In ka ɓata, kulki zan sa maka a ka."

"Kin daɗe kina neman dalili."

Ya dafa sandarsa ya miƙe, ya karkaɗe farar rigar da ta riga ta ɓaci. Ya juya wajen tagogin da ke cike da kawuna, ya ɗaga murya irin ta mutumin da ya saba kira daga jirgi zuwa jirgi.

"Ku fito, masu tonon ramin mutane! Ku za ku buga, ku wanke, ku shanya, tun da ku kuka fara. Malama, rubuta sunana a ƙasan na Shiuna. Daga yau ni ɗan aji shida ne, kuma zaren Kamana da hannuna zan tufke shi, ko zai ɗauke ni shekara."